Jinyar Tsofaffi Masu Cutar Mantuwa a Ƙasar Dogon Daji: Buƙatar Bincike da Jagorancin Ma'aikatan Jinya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi halin da tsofaffi masu cutar mantuwa suke ciki a Dogon Daji da sauran garuruwan Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato. Hujjarta ita ce, tun da cutar ba ta da maganin warkewa, kuma kusan duk ɗawainiyarta a cikin gida ake yi, ilimin da ya fi amfani a kanta shi ne ilimin jinya. Irin wannan ilimi kuwa sai an samar da shi ta hanyar bincike a inda masu cutar suke zaune. Maƙalar ta kawo abin da binciken ma'aikatan jinya ya haifar a wasu ƙasashe, ta jero tambayoyin da ke jiran amsa a wannan yanki, sannan ta fayyace nauyin da ke kan shugabannin makarantun jinya na jihar.

1.0 Gabatarwa

Dogon Daji gari ne a Ƙaramar Hukumar Tambuwal, a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega. Nan ne mazaunin Sarkin Yamma, kuma nan aka haifi Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1923. Ƙidayar 2006 ta nuna Tambuwal tana da mutum sama da 220,000, Kebbe kuma sama da 120,000, kuma daga lokacin zuwa yau jama'a sun ƙaru ƙwarai. A Nijeriya kusan mutum 5 cikin 100 ne suka kai shekara 60 ko suka haura. Ko an rage wannan kason, tsofaffin ƙananan hukumomin biyu sun zarce dubu goma.

A cikin waɗannan tsofaffi akwai gyatumar da za ta gama cin tuwo ta ce tun safe ba a ba ta komai ba. Akwai dattijon da zai yi sallar azahar sau uku, ko ya fita masallacin unguwarsu ya kasa gane hanyar gida. Akwai wadda za ta ɓoye zanenta da hannunta, sannan ta rantse matar ɗanta ce ta sace. Mutanen gida kan ce gigin tsufa ne, su yi haƙuri. Idan abin ya yi tsanani a fara zancen iska ko sammu. Asibiti ba ya cika shigowa cikin lissafi sai an faɗi an karye, ko ɓarin jiki ya shanye.

Matsayin wannan maƙala shi ne, ma'aikaciyar jinya ce ta fi kowa cancantar ta binciki wannan hali, kuma ba za ta iya ba sai shugabannin karatun jinya sun mayar da kula da tsofaffi fage mai daraja, mai malamai da ɗalibai da kuɗin aiki.

2.0 Cutar da Girmanta

Cutar mantuwa lalacewar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ce da ke tafiya sannu a hankali, tana cinye tunani da magana da basira har mutum ya kasa yi wa kansa abin da ya saba. Tsufa shi ne babban abin da ke jawo ta, amma yawancin tsofaffi suna komawa ga Mahaliccinsu da hankalinsu garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu cutar sun haura miliyan 55, sama da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma ana samun sababbin kamu kusan miliyan 10 duk shekara. Nau'in Alzaima ne ya fi yawa, kashi 60 zuwa 70 cikin 100, sai wanda toshewa ko fashewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa ke haifarwa.

Nijeriya tana da suna a tarihin binciken wannan cuta. A 1992 aka fara aikin haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da Indiyanafolis ta Amurka, ƙarƙashin Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie, tare da Adesola Ogunniyi da Olusegun Baiyewu da Oye Gureje. Sakamakon 1995 ya nuna kashi 2.29 cikin 100 na Yarabawan Ibadan masu shekara 65 zuwa sama suna da cutar, alhali a tsakanin baƙaƙen fatar Indiyanafolis kashi 8.24 ne. Wani bincike a Jos a 2006 ya sami kashi 6.4. Wanda ya fi kusa da mu a harshe da al'ada shi ne na Zariya, wanda Yusuf da abokan aikinsa suka wallafa a 2011: sun gwada tsofaffi 322, suka sami kashi 2.79. A 2019 Adeloye da abokansa suka tattara binciken da aka yi a ƙasar, suka ƙiyasta kashi 4.9, suka kuma nuna adadin masu cutar ya tashi daga kimanin 63,500 a 1995 zuwa kimanin 318,000 a 2015.

Abu biyu za a lura da su. Na farko, alƙaluman sun yi nisa da juna, kuma wani ɓangare na bambancin daga ma'aunin da aka yi gwaji da shi ya fito. Na biyu, ko mafi ƙanƙantar kaso aka ɗora a kan tsofaffin Tambuwal da Kebbe, lissafin zai kai ɗaruruwa. Bayan kowane ɗaya daga cikinsu akwai gida guda da barci ya ƙaurace wa.

3.0 Dalilin Ɗora Nauyin a Kan Jinya

Magungunan da ake bai wa masu Alzaima, irin su donepezil, suna ɗan sassauta alamu na wani lokaci, ba sa tsayar da cutar. Sabon maganin lecanemab da aka amince da shi a Amurka a 2023 an sa masa farashin dala 26,500 a shekara, ta jijiya ake ba da shi, kuma sai ana maimaita hoton ƙwaƙwalwa. Manomin gero da albasa a Sanyinna ko Kuchi bai shiga wannan zance ba. Abin da ya rage masa shi ne yadda za a ciyar da mahaifinsa ba tare da ya shaƙe ba, yadda za a yi masa wanka ba tare da kokawa ba, yadda za a kare shi daga faɗuwa da ɓata da gyambon kwanciya. Duk waɗannan aikin jinya ne, kuma tarihi ya nuna cewa da bincike aka inganta su.

A 1962 Doreen Norton, ma'aikaciyar jinya a Landan, tare da Rhoda McLaren da likita Exton-Smith, ta wallafa sakamakon bincikenta a kan tsofaffin da ke kwance a asibiti. Ta nuna cewa juya majinyaci a kai a kai yana hana gyambon kwanciya, ta kuma ƙirƙiro ma'aunin gane wanda ke cikin haɗari. Kafin nan ana ɗaukar gyambon a matsayin ƙaddarar duk wanda ya daɗe kwance. A 1987 Geri Hall da Kathleen Buckwalter na Jami'ar Iowa suka bayyana cewa yayin da cutar ke ci gaba, ƙarfin jure damuwa yana raguwa, don haka gajiya da hayaniya da sauyin wuri da ciwon da ba a gano ba su ne ke tayar da hankalin mai cutar. Idan an rage su, fitina ta ragu. Lois Evans da Neville Strumpf na Jami'ar Pennsylvania kuma sun shafe shekaru suna nazarin al'adar ɗaure tsofaffi a gado da kujera a gidajen kula da su. Gwajin da suka wallafa a 1997 ya nuna ana iya rage ɗaurin sosai idan an horar da ma'aikata an kuma ba su ƙwararriyar mai ba da shawara, ba tare da munanan raunuka sun ƙaru ba. A Ingila, tun 1990 ake da rukunin ma'aikatan jinya da ake kira Admiral, waɗanda aikinsu shi ne tallafa wa iyalin mai cutar.

Ba tsadar na'ura ce ta kawo waɗannan sauye-sauye ba. Mutanen da suke tsaye a gefen gado ne suka lura, suka rubuta, suka gwada, kuma suka sami jami'o'in da suka tsaya musu.

A Dogon Daji akwai ƙarin dalili. Likitocin ƙwaƙwalwa da na jijiyoyi suna Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin birnin Sakkwato, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, wanda sai an ƙetare birnin ta arewa. Ɗaukar tsohon da ke cikin ruɗu a motar haya zuwa can wahala ce da kashe kuɗi, ga kuma tsoron a ce an kai Baba gidan mahaukata. Wanda iyali za su iya gani a kusa shi ne nas a babban asibitin Dogon Daji ko na Tambuwal ko na Kebbe, ko jami'in lafiya a asibitin sha-ka-tafi. Sannan mace ma'aikaciyar jinya tana shiga gidan da namiji baƙo zai tsaya a zaure. Ita za ta ga ɗakin da aka ajiye tsohuwar, ta ga tabarmar, ta ji daga bakin matar da ke wanke mata jiki.

4.0 Tambayoyin da ke Jiran Amsa

4.1 Ma'aunin gwaji

Gwajin da ya fi shahara a asibitocin duniya, wanda Folstein ya fitar a 1975, yana buƙatar mutum ya faɗi shekarar da ake ciki, ya riƙa cire bakwai daga ɗari, ya karanta umurni, ya rubuta jimla, ya kwaikwayi zane. Dattijon da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da ajami, yake lissafin watanni da Azumi da Layya, zai iya faɗuwa wannan jarrabawa da ƙwaƙwalwarsa lafiya lau. Saboda irin wannan matsala ne aikin IDEA, wanda aka gudanar a gundumar Hai ta Tanzaniya da kuma Nijeriya, ya fito da gajeren gwaji ga marasa karatun boko: a ambaci sunayen dabbobi, a faɗi ranar mako da sunan mai gari, a tuno kalmomi, a jera tsinkayen ashana yadda aka nuna. Wannan ya fi dacewa da mu, amma shi ma sai an gwada ingancinsa da Sakkwatanci da Fulatanci. Wace amsa za a karɓa daga Bafulatanar ruga da ba ruwanta da sarautar gari? Kuma tun da da yawa ba su san shekarunsu ba, ana buƙatar jadawalin abubuwan tarihi na yankin: samun 'yancin kai a 1960, kisan Sardauna a 1966, canjin kuɗi da farin 1973, rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a 1988. Wannan aiki ne da ɗalibar digiri na biyu za ta iya kammalawa, kuma duk wata ƙidaya da za a yi nan gaba a kansa za ta dogara.

4.2 Ruɗewar farat ɗaya

Akwai ruɗewar da ke zuwa cikin sa'o'i ko kwanaki, wadda zazzaɓin cizon sauro ko ciwon mafitsara ko ciwon huhu ko ƙarancin ruwa a jiki ke haddasawa. Wannan tana warkewa idan an magance sanadinta, tana kuma kisa idan an bar ta. A bazara, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato ke haura digiri 40, tsohon da ba ya jin ƙishi kamar da yana cikin haɗari, musamman idan Azumi ya faɗo a wannan lokaci. Ya kamata a san mutum nawa ne cikin tsofaffin da ake kwantarwa a manyan asibitocin yankin suke zuwa da irin wannan ruɗewa, kuma nawa ne ake ganewa. Ma'aikatan jinyar da ke kwana da majinyata su ne za su iya tattara wannan bayani da takarda shafi ɗaya.

4.3 Masu jinya a gida

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata ne ke ɗaukar kashi 70 cikin 100 na sa'o'in jinyar masu cutar mantuwa. A ƙasar Hausa wannan na nufin matar ɗa, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko jikar da aka cire daga makaranta. Maza da yawa suna tafiya cin rani da zarar an kawar da amfanin gona, su bar mace da yara da girki da tsohuwar da ba ta barci. Mai cutar ta fi zargin wanda ya fi kusa da ita, don haka matar da ke wahala ita ce ake kira ɓarauniya, wani lokaci har dangi su gaskata. Aure nawa wannan ya girgiza? Sana'a nawa ta tsaya? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma sai an zauna an tambaye shi. A jihar Goa ta Indiya, binciken da Amit Dias ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2008, ya nuna cewa masu ziyarar gida da aka ba gajeren horo, ƙarƙashin kulawar ƙwararru, sun rage damuwar masu jinya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da littafin horar da iyali mai suna iSupport a 2019. Ana iya daidaita shi da zaman gidan Bahaushe a gwada a gundumomi biyu ko uku. Tsarin mata masu yawo gida-gida da ilimi ba baƙo ba ne a nan, domin da shi Nana Asma'u ta yi aiki ta hannun jajojinta na 'Yan Taru tun ƙarni na 19.

4.4 Kulle ɗaki, ɗauri da maganin barci

Iyalin da tsohonsu ke ficewa da dare sukan kulle shi a ɗaki, wasu su ɗaure masa ƙafa, wasu su sayo maganin barci a kemis. Yawanci tsoron rijiya da babbar hanya ne ke sa su haka. Sai dai magungunan kwantar da hankali masu ƙarfi suna da haɗari ga masu wannan cuta, har hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2005 cewa suna ƙara yiwuwar mutuwa. An kuma san cewa ruɗun yakan tsananta da almuru, lokacin da al'adarmu take dangantawa da fitowar iskoki, don haka nan da nan ake fassara shi da shafar aljanu. Bayanin Hall da Buckwalter yana ba da wata hanya: a rage hayaniya da yamma, a kunna fitila tun kafin duhu, a bar tsoho a ɗakin da ya saba, a duba ko ciwon haƙori ko taurin ciki ke damunsa. Ko wannan zai yi aiki a gida mai mutum ashirin da yara da dabbobi? Bincike ne kawai zai faɗa. Haka nan ya kamata a duba halin tsofaffin da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, domin sauyin wuri na cikin abubuwan da suka fi rikita mai wannan cuta.

4.5 Rigakafi

Kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2024 cewa abubuwa 14 da ake iya gyarawa suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na cutar a duniya. Cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, raunin ji, raunin gani, buguwa a ka, shan taba, gurɓatacciyar iska da ƙarancin karatu. Kusan mutum ɗaya cikin manya uku a Nijeriya yana da hawan jini, da yawa ba su sani ba. Yanar ido da ake iya cirewa, da hatsarin kabu-kabu ba hular kwano, da hayaƙin itace a madafa, duk abubuwa ne da ake gani kullum. Asibitin hawan jini da nas ke gudanarwa ranar kasuwa, idan an bi sawunsa da rubutu na shekaru, zai zama hidima kuma ya zama bincike.

5.0 Jagorancin Ilimi

Tambayoyin nan ba za su amsa kansu ba. Karatun jinya a matakin jami'a ya fara a Nijeriya a Ibadan a 1965, kuma daga can Elfrida Adebo ta zama farfesar jinya ta farko a ƙasar. A Ibadan ɗin ne aka buɗe Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Tony Anenih a 2012. Darasin shi ne, inda aka kafa sashe aka ba shi malamai, nan ilimi ke taruwa. Jihar Sakkwato tana da kayan aikin: Sashen Kimiyyar Jinya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, makarantar jinya ta asibitin koyarwa, makarantar horar da masu jinyar ƙwaƙwalwa a Kware, Kwalejin Kimiyyar Jinya ta Sakkwato, da kuma ta Tambuwal, wadda take maƙwabciyar Dogon Daji. Abin da ake buƙata daga shugabanninsu abu biyar ne.

Na farko, su tsayar da manufa guda ta bincike mai dogon zango. Kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundin kammala karatu, akasari a kan auna sani da ra'ayin jama'a game da wata cuta, a ɗaure kundin a jera a kanta. Da za a zaɓi gundumomi kaɗan a Tambuwal da Kebbe, a yi rajistar tsofaffinsu, kowane rukunin ɗalibai ya ɗora daga inda na baya ya tsaya, cikin shekara goma za a tara bayanin da ke da nauyi a ko'ina. Ƙarfin aikin Ibadan daga bin mutane guda na shekaru masu yawa ya samo asali.

Na biyu, su gina malamai. Fage ba ya tsayuwa sai da wanda ya yi digirin digirgir a kansa, yake duba ayyukan ɗalibai, yake neman kuɗin bincike. A ware guraben ƙaro karatu musamman domin jinyar tsofaffi, a haɗa malaman kwalejin Tambuwal da masu duba aiki a jami'a, a kuma ba su lokacin yin binciken. Malamin da ke koyar da darussa shida yana kuma jami'in jarrabawa ba zai rubuta komai ba.

Na uku, su haɗa aji da gadon asibiti. Malamin jinya ya riƙe rana guda a mako yana ganin tsofaffi a babban asibiti, ƙwararrun Kware su riƙa zuwa duba masu wuyar sha'ani, ɗalibai kuma su yi zaman horo a gidaje. Dokokin da za a jingina da su suna nan: manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya ta 2014, dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da aka sa wa hannu a 2018, manufar ƙasa kan tsufa ta 2021, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023. Akwai kuma jagorar mhGAP ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka tsara domin ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, kuma tana da babi a kan cutar mantuwa.

Na huɗu, su tsare mutuncin waɗanda ake bincike a kansu. Mai cutar da ta yi nisa ba zai iya ba da izini da kansa ba. Waye zai bayar a madadinsa, babban ɗa ko matar da ke jinyarsa? Yaya za a hana sunan gida fita a garin da kowa ya san kowa? A nan ana buƙatar malaman addini. Fiƙihu ya sauke farillai daga wanda hankalinsa ya gushe, kuma jin haka daga bakin limami zai hana iyali tilasta wa tsoho azumi ko yi masa faɗa a kan alwala.

Na biyar, su mayar da sakamako ga masu shi. A wallafa a mujallun ilimi domin duniya ta sani, amma a kuma faɗe shi da Hausa a rediyo, a fadar hakimi, a makarantun Islamiyya na matan aure. Kuma idan an yi haɗin gwiwa da masu bincike daga nesa, nas ɗin da ta sha rana tana tattara bayanai ta shiga jerin marubuta, ta kuma koyi nazarin alƙaluman.

6.0 Suka da Amsa

Za a ce jihar da ke fama da mutuwar mata wurin haihuwa da tamowa da zazzaɓi ba ta da sukunin tsofaffi. Gaskiya ne waɗannan sun fi gaggawa, kuma ba a nemi a karkatar da kuɗinsu ba. Amma matar da ke goyo ita ce dai ke jinyar surukarta, kuma nas ɗin da ke awon ciki ita ce za ta auna jinin kaka. Ƙarancin tsawon rai da ake ambatawa a Nijeriya mutuwar ƙananan yara ce ta ja shi ƙasa. Wanda ya kai 60 yana da sauran shekaru fiye da goma a gaba bisa ƙiyasi. Ƙungiyar Alzaima ta Duniya ta yi hasashen masu cutar a Afirka kudu da Sahara za su tashi daga miliyan 2.13 a 2015 zuwa miliyan 7.62 a 2050. Horar da farfesa guda kuwa yana cin shekara goma sha biyar ko fiye.

Za a kuma ce mu muna da zumunci, ba mu kai iyayenmu gidan gajiyayyu. Wannan abin alfahari ne, kuma maƙalar ba ta kira a gina irin waɗancan gidaje ba. Amma ƙauna ba ta koya wa mutum yadda ake ciyar da wanda haɗiya ta gagara. Idan gida ne asibitin, wajibi ne ilimi ya iske shi a can.

Suka ta uku ta fi nauyi: wanda aka horar zai tafi. Magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya na wancan lokaci, Faruk Abubakar, ya bayyana a Fabrairun 2024 cewa ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, sama da 15,000 a 2023 kaɗai. Da yawansu tsofaffin wasu ƙasashe suke jinya. Albashi babban dalili ne, kuma gyaransa na gwamnati ne. Sai dai akwai abin da ke hannun shugabannin ilimi: su ɗauki 'yan asalin yankin, musamman mata masu iyali a nan, su buɗe musu hanyar ƙaro karatu da ƙarin girma ba tare da sun ƙaura ba. Wadda ta ga tana da fagen da za a san ta da shi ta fi wuyar tumɓukewa.

7.0 Kammalawa

An nuna cewa cutar mantuwa tana nan a gidajen Dogon Daji da kewaye, cewa abin da ke rage wahalarta jinya ce mai tushe a bincike, kuma cewa makarantu da asibitocin da za su yi aikin suna nan a jihar. Matakin farko bai fi ƙarfin kowa ba: Kwalejin Kimiyyar Jinya ta Tambuwal da Sashen Kimiyyar Jinya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin Kware su zauna da Ma'aikatar Lafiya ta jiha da masarautar Dogon Daji, su amince da gwajin tantancewa guda da Hausa da Fulatanci, su yi rajistar tsofaffin gunduma ɗaya, su naɗa ma'aikaciyar jinya ta jagoranci aikin. Kira ga shugabannin waɗannan makarantu shi ne su sa wannan a cikin kasafinsu da manhajarsu na zangon karatu mai zuwa, domin tsofaffin da ake magana a kansu ba su da lokacin jira.